Shuɗiya

Da asuba, kafin Jidda ta jiƙe da zufarta,
nakan yaye tamfol daga bayan Shuɗiya.
Ita ta ba sittin baya,
ni na girme ta da sha ɗaya,
amma kullum ita ke riga ni tari.
Sau biyu, sau uku, sai ta kama,
silinda takwas na gurnani a ƙirjinta,
kuliyoyin layinmu su watse,
mai gasa tamis ya ɗago kai daga tanderu:
"Ya Hajji, har yanzu?"
Har yanzu.

A makabartar motoci ta Biraiman na tsince ta,
ba taya, ba gilashi,
kaza ta yi ƙwai a kujerar baya.
Ni da Ilu Barnawi muka jawo ta da igiya,
muka zare mata matacciyar zuciya, muka dasa ta Jims,
kafireto biyu, salansa kamar maƙogwaron raƙumi,
muka sauke ta ƙasa har ta kusa lasar kwalta.
Ladidi ta ce na yi wa kuɗin firij ɗinta wanka da baƙin mai.
Gaskiyarta. Sai bayan Hajji biyu na biya.

Daren Alhamis mukan hau Hada.
Hanya na naɗewa a wuyan dutse kamar rawani,
Ilu na ihu, "Ba ta wuta, Tanimu!"
ni kuwa totur har ƙasa,
fitilun Makka na ƙanƙancewa a madubi,
birai na kallonmu daga kan katanga
kamar dattawan da ba a gaishe su ba.
A Ɗa'ifa mu sha shayi da na'ana'a cikin hazo,
injin na ƙas-ƙas yana hucewa,
mu ma haka.

Ilu ya riga ni sauka.
Ya bar mini sifanarsa mai rabin inci,
wadda babban yatsansa ya cinye wa lamba.
Ba na ɗaure komai da ita.
Ina dai goge ta.

Yanzu iskar Bahar Maliya na zuwa da gishirinta,
ita ta ba ta tsatsa a ƙarƙashin ƙofa,
ni ta ba ni a gwiwa.
Tata nakan kankare, in shafa fenti.
Tawa sai man zafi da haƙuri.
In na kwanta a ƙarƙashinta, shiga ba wuya,
fitowar ce ke neman shawara.
Jiya noti ya kuɓuce mini, ya gangara,
ina jin inda ya tsaya, ba na ganinsa.
Likita ya ce yana ce ta rufe idon dama,
ya ce tuƙin dare ya ƙare.
Bai san me ya ce ba.

Wani yaro ya zo daga Riyad da farar tauba,
ya zagaye ta da waya, ya faɗi kuɗi mai nauyi,
wai zai ajiye ta a ɗaki mai sanyi, ƙura ba ta taɓa ta.
Na ce, ɗana, wannan ai kabari ne da fitila.
Na ba shi gahawa, ya tafi.

Ruwaida ce ta tsinto notin.
Jikata, mai Hausa da ɗanɗanon Larabci,
wadda motarta ke tashi da maɓalli, shiru kamar ɓarawo.
Ta ce, "Kaka, koya mini wannan."
Sau tara ta kashe ta a bakin layi.
A na goma Shuɗiya ta yafe mata.

Ga mu a gefen teku, rana na nutsewa ja.
Ni ne a kujerar Ilu.
Ƙafata na taka birkin da babu shi,
hannuna na laluben giyar da ba tawa ba.
Yarinyar na tafe a hankali, tana tsoron tsufanmu,
mu biyu.
Na gyara hula, na dubi titi fayau,
na ji bakina ya buɗe da muryar wani:
"Ba ta wuta, Ruwaida."